Bangon Goggo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Goggo, yayar mahaifina, ta cika a ɗakinta da ke unguwar Sa'alaba a Jidda, a kan tabarmar da ta ƙi yarda a sauya mata da katifa. Da la'asar aka yi mata salla aka kai ta. Kafin maza su dawo daga maƙabarta, tsakar gidan ta cika da mata sanye da fararen kaya irin na makokin Jidda, ana zagayawa da gahawa da dabino.

Kowa da irin kukansa. Wata tsohuwar maƙwabciyarta ta riƙe hannuna ta ce, "Allah ya jiƙanta, amma fa akwai baki. Ni kaina sau nawa ta wanke ni tas a gaban mutane." Ta fashe da dariya, dariyar ta koma kuka. Wani magidanci mai aiki a tashar jiragen ruwa, wanda na yi shekaru ban ji Hausa a bakinsa ba, ya tsaya daga ƙofa ya ce, "Azzamallahu ajrakum." Sai idonsa ya faɗa kan bangon tsakar gidan, ya nuna wani wuri can ƙasa, daidai tsayin yaro, ya ce da Hausarsa da ta yi tsatsa, "A nan ni na zana amalanken babana." Ya rufe fuska da gefen rawaninsa ya fita. Akwai kuma wata mai aikin jinya a asibiti, wadda ta ƙi zama cikin masu karɓar gaisuwa. Ta naɗe hannun riga ta shiga wanke tukwane, duk wanda ya ce ta huta sai ta ce, "Gidan uwata ne." Mahaifina kuwa, ƙanin mamaciyar, yana zaune a waje yana amsa gaisuwa da ka kawai.

Ana cikin haka wata baƙuwa da ta rako dangin mijina ta dubi ɗakin, ta sauke murya ta ce wa ta kusa da ita, "Miskina. Ashe ba ta bar baya ba."

Ban tanka ba, domin zaman makoki ne. Amma maganar ta tsaya mini a rai har yau. Rabin mutanen da ke gidan nan a hannunta suka fara riƙe abin rubutu, sannan a ce wai ba ta bar baya ba don ba ta haifa ba? Shi ya sa na zauna rubuta wannan, kuma da Hausa zan rubuta shi, wanda ba ya ji ya nemi mai karanta masa.

Iyayen Goggo da mahaifina daga ƙasar Katsina suka taso da ƙafa don zuwa Hajji. A hanya aka haife ta, ta girma a Sudan inda suka tsaya aikin auduga don neman guzuri, a can kuma aka haifi mahaifina. Ubansu ya rasu kafin su hau teku, uwarsu ta bi shi ba da daɗewa da saukarsu Jidda ba. Ita ta raini mahaifina, shi ya sa har ya yi furfura "Auta" take ce masa, shi kuma "Yaya". Ta yi aure, mijin ɗan dako ne a bakin teku, ya rasu, ba ta sake yin wani ba. Sana'arta ƙunshi. Gidajen manya a Balad, tsohon garin Jidda, har mota suke aikowa a ɗauko ta idan za a yi biki, ta zana wa amarya furanni tun daga yatsa har gwiwar hannu. Tana shiga ta ƙofar gaba. In an nuna mata ta baya sai ta ɗauki kwanon lallenta ta juya, a bi ta ana ba ta haƙuri. Larabcinta na Sudan ne, bai taɓa komawa na Hijaz ba, kuma ba ta taɓa jin kunyarsa ba. Karatu kuwa ɗan abin da ubanta ya koya mata a allo ne, amma ya ishe ta rubuta Hausa da baƙaƙen Larabci.

Ni sunan uwarsu na ci, don haka "uwata" take kirana. Lokacin da aka fara buɗe makarantun 'yan mata, mahaifina ya kai ni. Mu 'ya'yan unguwar da baki biyu muka tashi: a ɗaki Hausa, a titi Larabci, in muna wasa kuwa ba ma sanin inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Wata rana abla, wato malamarmu, ta ce kowa ta rubuta abin da aka ci a gidansu jiya. Na rubuta abin da na sani: "Akalna tuwo da miyar kuka, wa Ummi ta daka daddawa." Abla ta ɗaga takardar ta karanta wa aji da ƙarfi, tana murɗa kalmomin kamar tana tauna tsakuwa. Aji ya ɗauki dariya, wata daga baya ta jefo sunan rainin da suke kiran baƙar fata irinmu da shi, ta ce, "Takruniyya!" Aka ja jan layi a kan rubutun, aka zuba mini rula a tafin hannu.

Ban wuce gida ba, gidan Goggo na nufa. Tana tankaɗen lalle ta saurare ni har na gama.

"Uwata, me kuka ci jiya?"

"Tuwo."

"To ƙarya kika yi?"

"A'a."

"Ita ablar, me ake ce wa tuwo da Larabci?"

Na ce ban sani ba.

"Ita ma ba ta sani ba. Share hawayenki, gobe tare za mu tafi."

Na roƙe ta kada ta je, ta je. Ta saka baƙar abayarta, hannu jawur da lalle, ta wuce mai gadi kamar ba ta gan shi ba, ta tsaya a ƙofar ajinmu. Ta ce wa abla da Larabcinta na Sudan, "Yarinyar nan kin tambaye ta abin da ta ci, ta faɗa miki. In kalma ta shige miki duhu ki tambaye ta, za ta koya miki. Duka na mene ne?" Abla ta ce nan makarantar Larabci ce, ba kasuwa ba. Shugabar makaranta ta fito ta sa aka raka Goggo har bakin titi, aka ce kada ta sake tako wurin. Ba ta ci nasara ba, kada wani ya ƙara wa labarin gishiri. Ni ma sai da aka mayar da ni kujerar ƙarshe, na gama shekarar a can. Da na dawo ina ƙorafi, ta ce, "Sun kore ni, amma sun ji. Kunne ba ya da ƙofar da za a rufe."

A makon nan ta sayo nura, farar ƙasar da ake shafe gini da ita, ta shafe bangon tsakar gidanta fari fat. Ta ɗebo gawayi daga murhu ta zuba a kwano ta ajiye a gindin bangon. Ta ce da ni, "Rubuta abin da kika rubuta musu. Da girma." Na rubuta. Ta ce, "To, nan ba mai jan layi."

Kafin wata ya ƙare yaran unguwa sun gano wurin. In an taso daga makaranta sai a yi gidan Goggo, maza da mata, masu zuwa makaranta da waɗanda ba su da takardun shiga. Doka ɗaya ce tak: abin da ka gani da idonka ko ka ji a ranka shi za ka sa, ban da kwafo daga littafi. Aka zana mai ruwa da garewaninsa biyu a kafaɗa. Aka zana uwa da tiren gyaɗa a ka, aka zana motocin alhazai da kaya a sama, da akuyar da ta cinye wa wani littafin lissafi. Ƙanena ya zana babanmu da ƙatuwar waya a hannu, don aikin lantarki yake yi, ya rubuta a ƙasa, "Abuya yishtagil har dare," wato Baba yana aiki har dare. Wata mai fushi ta rubuta fushinta da Larabci, dalilinsa da Hausa, "Ana za'lana don an yi wa yayata takalmi ni ba a yi mini ba." Goggo ba ta taɓa cewa a gyara a mayar da shi harshe ɗaya ba. In yaro ya maƙale a kan kalma irin tsintsiya ko ɓera, wadda baƙaƙen makaranta ba su da sautinta, sai ta karɓi gawayin ta ƙara ɗigo a kan harafin ta ce, "Kakanninku sun riga sun yi masa wuri."

Ba yabo take yi barkatai ba. Ta kan tsaya da hannu a ƙugu ta ce, "Wannan ce uwarka? Uwarka siririya ce haka? Ka je ka dube ta da kyau ka dawo." In bango ya cika sai ta tara mu, kowa ya karanta nasa a gaban kowa, sannan ta sake shafe shi da nura. Muna kuka, tana shafewa. "Gobe ma za ku ga wani abu," in ji ta.

Limamin masallacin unguwa ya aiko, daga baya ya zo da kansa ya tsaya a zaure. Ya ce zanen abu mai rai ba shi da kyau, kuma alhakin yaran a wuyanta yake. Ta ce daga bayan labule, "Allah ya gafarta Malam, ina ne haramcin yake, a jiki ko a fuska?" Suka daɗe suna ja, shi da hujjarsa ita da tata. A ƙarshe suka tsaya a kan cewa ba za a riƙa sa ido da baki ba. Ta cika alkawari. Tun daga ranar mutanen bangonmu ba su da fuska, amma kowa ya san uwarsa: wannan da ɗaurin ɗankwalinta, waccan da yadda take karkata saboda nauyin tire.

Sai aka yi kamen marasa iƙama, wato takardar izinin zama, a kasuwa. Cikin waɗanda aka kwashe har da wata maƙwabciyarmu mai sayar da koko, wadda ta zo Hajji ta zauna. Aka sa ta a jirgin ruwa aka mayar da ita gida. 'Yarta ƙarama, wadda ba ta kai shiga makaranta ba, tana gida lokacin, aka bar ta da uba mai fita tun asuba. Wasu mata sun kai yarinyar bakin teku don ta ga tashin jirgin, suna ganin alheri suka yi mata. Daga ranar ta daina magana. Ba Hausa, ba Larabci. Aka yi rubutu aka ba ta ta sha, aka yi hayaƙi, shiru.

Goggo ta je ta ɗauko ta da ƙullin kayanta, ba ta nemi izinin kowa ba sai na uban, shi ma a tsaye ta gaya masa. Ba ta matsa mata ta yi magana ba. Ta dai ajiye ta kusa da kwanon gawayi. Yarinyar ta yi kwanaki tana kallonmu, rannan ta ɗauki gawayi ta je lungun bangon ta zana jirgin ruwa. Washegari ta sake zana wani a gefensa. Haka ta yi ta yi, jirgi bayan jirgi, ba mutum ko ɗaya a ciki. Da lokacin shafe bango ya yi, Goggo ta shafe ko'ina ta bar lungun. Muka ce ba a yi adalci ba, ta ce, "Wanda aka tafi da uwarsa a cikinku ya ɗaga hannu, in bar masa nasa."

Wata ranar Alhamis ta kwaɓa lalle za ta tafi gidan biki, sai ta jawo yarinyar ta zaunar da ita a cinya, ta buɗe mata tafin hannu. Maimakon fure ta fara zana mata jirgi. Ta yi gangar jikin, ta yi tagogi, ta ɗora bututun hayaƙin can gaba. Ina zaune ina riƙe da kwanon. Yarinyar ta zuba wa hannun ido, ta yamutsa fuska, sai muka ji wata 'yar murya a dishe:

"Mu kida. A tsakiya yake."

Wato ba haka ba ne. Goggo ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta goge bututun da bakin zanenta ta ce, "Nuna mini." Yarinyar ta nuna da yatsa. "Hayaƙin fa, baƙi ne ko fari?" Ta ce baƙi. "Ina Innarki ta tsaya?" Ta nuna bayan jirgin, sai kuka ya ɓalle mata, irin kukan da ya daɗe a ɗaure. Goggo ta rungume ta tana riƙe da hannun sama don kada lallen ya goge. Ranar amaryar Balad ta yi ta jira. Uwar ba ta dawo ba, sai saƙon baki da alhazai ke kawowa shekara-shekara. Yarinyar a ɗakin Goggo ta girma. Ita ce mai aikin jinyar da ta ƙi zama ranar makoki.

Kamen nan shi ya haddasa rigimar da ta fi kowace zafi, tsakaninta da mahaifina. A lokacin yana ta fafutukar samun takardar zama ɗan ƙasa, ya yi shekaru yana bin layi da neman shaidu. Ya riga ya kafa mana doka a gida: Larabci kawai, ko da Ummi mahaifiyarmu za mu yi magana. Rannan ya shigo gaida yayarsa, ya tarar ƙanena ya zana motar da ta yi kamen, da mata a bayanta, da tulun koko a kife a ƙasa. A ƙasan zanen ya rubuta, "Shalu Inna mai koko ba ta yi komai ba," wato sun ɗauke ta.

Mahaifina ya tsaya kamar an dasa shi. Ya ɗauki bokitin ruwan da ke bakin randa ya watsa wa bangon, baƙin ruwa ya gangaro har ƙafafunmu.

"Yaya, so kike ki kashe ni? In wani ya gani ya kai magana fa? Ki sa a kwashe mu gaba ɗaya a zuba a jirgi, mu je ƙasar da ba mu san kowa ba?"

"Auta, yaron ƙarya ya zana?"

"Ba maganar ƙarya ake ba! Ina so 'ya'yana su buɗe baki kada a gane daga ina suke. Ina so su shiga ofis a ce musu tafaddal, a ba su kujera. Ke ba ki san abin da nake gani a layin nan ba."

"Na sani. Ni na goyo ka muka sauka a tashar nan, ana fesa mana magani kamar awaki. Ka nemi takardarka, Allah ya ba ka, ni ma zan yi guɗa. Amma ko ka yanke musu harshe, fatar fa? Za ka wanke ta da bokiti? Za a gane su, Auta. Gara a gane su suna da abin faɗa."

Ya ce daga yau 'ya'yansa ba za su ƙara tako gidan ba. Ta ce, "Gidanka dokarka. Nan kuwa gidana ne, ajiye mini bokiti ka fita."

Ban ga laifin mahaifina gaba ɗaya ba, ko a lokacin. Tsoronsa na gaskiya ne, mun ga waɗanda abin ya faɗa wa. Ita ma ta san haka, domin ba ta bari an sake zana motar ba sai a cikin ɗaki, a bayan ƙofa. Amma bangon bai tsaya ba, sauran yara suka ci gaba da zuwa. Azumi ya zo ya wuce ba su yi wa juna magana ba. Kullum da yamma takan aiko mana da kunun tsamiya, shi kuma ya shanye. Ranar Salla bai je gaishe ta ba, karo na farko a rayuwarsa, ya wuni yana faɗa da kowa a gida.

Bayan Salla da 'yan makonni ya ce da ni da ƙanena mu sa takalma. Muka bi shi, yana saɓe da buhu a kafaɗa. Ya sauke shi a tsakar gidan Goggo, nura ce. Ya ce, "Na ga bangon ya yi dauɗa." Ta dubi buhun, ta dube shi, ta ce, "Ka ci abinci?" Iyakar sulhun ke nan. Takardar ta fito bayan shekaru, ta yi guɗar da ta yi alkawari har maƙwabta suka leƙo. Dokar Larabci kuwa ba a taɓa cewa an janye ta ba, ta dai mutu da kanta.

Mun girma mun watse, wasu unguwar Sharafiyya, wasu Makka, wasu Riyad. Ƙafa ta fara ba Goggo ciwo, ta bar zuwa biki, yaran da ke zuwa suka ragu, talabijin ta shigo unguwa. Ta kan yi mita ta ce yaran yanzu kallo suka iya, ba gani ba.

A ciwonta na ƙarshe na riƙa zuwa da 'yata, mai shekara shida, wadda ke jin Hausa sarai amma da Larabci take amsawa. Abin yana damuna, ina jin kunyar Goggo a kansa. Wata rana da hantsi, tana kwance ba ta iya tashi, ta ce da yarinyar, "Kawo mini abin sha, 'yar uwata." Yarinyar ta ruga ta ɗebo daga randa, ta dawo ta durƙusa da kofin a hannu biyu. Ta dube ni, tana laluben kalma. Na buɗe baki zan taimake ta, Goggo ta ɗaga yatsa ta hana ni. Muka jira. Can yarinyar ta ce, "Goggo, ga ruwa barid, ishrabi kafin ya yi zafi."

Na ce, "Mai sanyi ake cewa."

Goggo ta harare ni da ɗan ganin da ya saura mata. "Ke kuma wa ya naɗa ki abla? Na ji abin da ta ce." Ta juya ga yarinyar, tana dariyar da ke ƙarewa da tari. "Wannan tamu ce. Ɗago mini kai in sha."

Yarinyar ta tallafo kanta, ta shanye kofin duka. Bayan kwana kaɗan ta cika.

Ya Allah, ga baiwarka ta zo maka. Ta yi faɗa da mutane da yawa, amma ba ta taɓa yi don cikinta ba. Ka yafe mata zafin bakinta, ka yalwata mata makwanci, ka shayar da ita daga tafkin Annabinka, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Mu kuma da ta bari, ka hana mu sunkuyar da kai.